Tsofaffinmu na gona suna ƙarewa a garuruwan mutane, kowa ya rubuto nasa

Jikan_Mai_Saluka
Assalamu alaikum jama'ar gida. Waɗanda suka kira da waɗanda suka turo saƙo kan rasuwar kakanmu, mun gode, Allah ya bar zumunci. Yau kwana tara ke nan.

Abin da ya sa na buɗe wannan magana, jiya muna kwashe kayansa a ajin makarantar da aka sauke mu nan Gadarif, a gabashin Sudan, sai Inna ta ɗaga matashinsa ta ga wani ƙulli a cikin tsohon rawani. Mun zaci kuɗi ne. Ashe irin dawa ne, bai cika mudu ba. Ranar da muka fito daga ƙauye, bayan da birnin Madani ya faɗi a yaƙin nan a Disamba 2023, kowa na rububin takardunsa da na yara, shi kuwa abin da ya ɗauko ke nan, kuma bai gaya wa kowa ba.

Daren jiya barci ya ƙi zuwa, na zauna ina lissafi. Lokacin da muka watse, tsofaffi goma sha ɗaya ne a ƙauyenmu da suka haura saba'in da biyar. Yanzu saura huɗu. Bakwai ɗin da suka tafi ba wanda aka binne kusa da iyayensa. Biyu nan Gadarif, biyu Kassala, ɗaya Sinnar, ɗaya Bur Sudan, ɗaya kuma a gefen hanya, wurin da ko 'ya'yansa ba su da tabbacin za su sake ganewa. Ni da na tashi a gabansa ko shekarar haihuwarsa ban sani ba. Katinsa ya ce 1 ga Janairu, kamar na kowane tsoho a ƙasar nan da likita ya dubi haƙoransa ya ƙiyasta.

Roƙona, kowa ya rubuto mana tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya daga ƙauyensu. Me ya noma, yaya yake magana, ina yake kwance yanzu.

Abu_Hafsa (mai kula da zaure)
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi nan. Shawara mai kyau ce. Sai dai a kiyaye abu biyu: kada a sa cikakken suna ko sunan ƙauye, laƙabi ya wadatar, kun san halin da ake ciki. Na biyu, ban da siyasa.

Direban_Lori_Kassala
Allah ya gafarta masa. Ni na ɗauko su daga mahaɗar Fau. Tsohon nan tun daga can har Gadarif idonsa na kan gonakin gefen titi, yana ta cewa waɗannan sun makara da girbi.

Uwar_Biyu_Kosti
Ya haƙuri ƙanena. Bari in fara da habobata, uwar mahaifina. Mu dai Kaka Ta Gindin Tsamiya muka taso muna ji ana kiranta. Shekara arba'in da wani abu tana tsinkar auduga a gonakin ban ruwa na Jazira. Da sanyin asuba take fita, raɓa na jiƙa mata zane har ƙugu, kuma ƙwanson auduga in ya bushe kaifi gare shi, yatsunta duk a tsattsage suke. Da dare sai ta narka kitse ta shafa ta ɗaure da tsumma. Da gufa ake auna musu, kwando ne, ratal 35. Gufa tara ne kantari ɗaya. Ba ta san alif ba, amma duk gufar da ta kai sai ta jefa tsakuwa a cikin gwangwani, ranar biya ta zazzage a gaban mai rubutu. Sau ɗaya lissafinsu ya saɓa, aka sake dubawa, nata ne daidai.

In auduga ta ƙare sai ta koma godogodo da gyaɗa a bakin tasha. Da haka ta sayi akuya, akuya ta zama saniya. Da kuɗi suka taru sai ta miƙa wa kakanmu ta ce ya je ya sauke farali, ita ta bi baɗi. Baɗin da bai zo ba ke nan. Ta rasu kafin yaƙi, ita kam a gida aka binne ta, alhamdu lillahi. Har ta koma ga Allah mutane na ce wa mijinta Alhaji, ita kuwa Ta Gindin Tsamiya.

Ɗan_Kambo
Allah ya jiƙansu duka. Amma ni in za a rubuta, a rubuta da ɗacinsa, kada a zuba masa sukari. Mahaifina ya yi shekara hamsin da ɗaya yana noma hawashar wani, wato gonar ban ruwa da ke kan sunan wani. Shi ke share Abu Sitta, ƙaramar magudanar da ke kai ruwa cikin gona, shi ke shuka, shi ke ban ruwa cikin dare da tocila macizai na bi ta ƙafarsa, shi ke tumɓuke karan auduga da kammasha a ƙone bayan tsinka. Mai hawashar yana cikin gari yana da kanti, sai ranar rabo ake ganinsa. Da mai hawashar ya mutu ɗansa ya gada, ɗan da Baba ya goya a kafaɗa. Da Baba ya mutu mu kuma muka gaji fartanya biyu da tsargiya. A kambo, sansanin 'yan ƙwadagon gona, aka haife shi a bakin tur'a, wato magudanar ruwa, ruwan da jaki ke sha shi muke sha, a kambo ya mutu. Wannan shi ne tarihinsa. In an ce "tsofaffinmu masu albarka" kawai aka yi shiru, to an sake cinye musu haƙƙi.

Malam_Na_Khalwa
Ɗan_Kambo, ɗana, ba wanda zai ƙaryata ka, mun gani da idonmu. Amma akwai wani gefe da ku yara ba ku riska ba. Da yawa daga cikin na farkon ba su nemi ƙasa ba sam, domin ba su ɗauki kansu mazauna ba. Mahaifina ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa yana saurayi, ya bi ta Maiduguri, Fort Lami, Abeshe, Adare, Jinaina, Fashir, har Ubayyid inda ya fara ganin jirgin ƙasa. Shekara shida a hanya, inda guzuri ya ƙare a tsaya a yi damina ɗaya. Da ya iso Jazira niyyarsa ya tara na jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Ya yi aure, ya haife mu mu tara, ya aurar da jikoki, amma in ka tambaye shi sai ya ce "muna kan hanya". Na taɓa kawo masa dashen mangwaro, ya ce in kai wa masu zama. Yayana ya so ya gina masa ɗaki da jan bulo, ya hana. Ya ce matafiyi ba ya gini da abin da zai yi masa nauyin bari.

Ɗan_Kambo
Allah gafarta Malam, da girmanka. Amma ni ina ganin wannan maganar mutum ya gaya wa kansa ne don zuciya ta yi sanyi. Wanda aka hana abu sai ya ce da ma ba ya so. Naku ya taso daga Kano, to nawa fa da aka haife shi a nan, ubansa ma a nan ya tsufa? Hanyar ina yake kai?

Malam_Na_Khalwa
Kowa na kan hanya, ɗana. Amma na ji ka, kuma ban ce ka yi ƙarya ba.

Ɗan_Maiurno
Kada a haɗa kowa a kwando ɗaya. Mu namu zuwan daban ne. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas. Sun fara sauka a Shehu Talha, daga baya suka haye kogi suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa, kudu da Sinnar kaɗan. Waɗannan hijira suka yi, kuma sun sami ƙasa, sun share daji sun kafa ƙauyuka. Kakana yana da gonar damina, yana kuma da jarfi a bakin kogi, inda in ruwa ya janye ake shuka a kan laka ba tare da ban ruwa ba. Wake, kabewa, masara, tumatir. Abin da ba na mantawa, duk shekara in kogi ya fara sauka sai ya je ya tsoma hannu a laka ya ɗanɗana a harshe, wai yana jin ƙarfin ƙasar bana. Muna yara muna yi masa dariya a ɓoye.

Bintun_Gadarif
To ai ku Maiurno Fulani ne, me ya kawo ku zauren Hausawa? 😄

Ɗan_Maiurno
Yaya Bintu, kakata ta wajen uwa Bagobira ce da zanenta a fuska. Kuma in an fita waje duk Fallata ake ce mana, ba a tambayar wane ne na Sakkwato wane ne na Kano. A nan ne kawai kuke rarraba mu.

Auwalu_Zariya
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni daga Najeriya nake, na yi karatu a Madani shekara huɗu kafin abin ya faru. Allah ya jiƙan Baba. Tambaya gare ni, mece ce saluka? Na zauna a can amma ban taɓa shiga gona ba, abin kunya.

Jikan_Mai_Saluka
Malam Auwalu, sanda ce doguwa mai tsini a ƙasa, da ɗan reshe a gefe inda ake taka ƙafa. Ka kafa, ka taka, ka murɗa, rami ya buɗe, na bayanka ya jefa iri ya rufe da diddige. Aikin sungumi take yi a wajenku, amma ita don baƙar ƙasa ce mai danƙo, irin wadda in ta jiƙe take kama takalmi, in ta bushe ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa.

Auwalu_Zariya
Na gane. Ni abin da ya fara ruɗa ni a can dakwa ce. Na ji ana cewa a kawo dakwa, na gyara zama ina jiran daƙuwar aya irin tamu, sai ga tunkuzar gyaɗa a kan tumatir.

Injiniyan_Rayyi
Allah ya jiƙan Baba Mai Saluka, na san shi, ya sha zuwa wajenmu neman a sakar musu ruwa. Bari in ɗan ƙara haske kan maganar Ɗan_Kambo, don matasa su san yadda abin ya faro. An gama madatsar Sinnar a 1925, lokacin ana ce mata Makwar, kuma Hausawa da Barebari da sauran mutanen Afirka ta Yamma sun yi aikin ƙarfi a ginin da haƙar magudanai. Ruwa na tasowa daga madatsar ya bi babbar tur'a, ya rabu zuwa ƙanana, daga nan ya shiga Abu Ishirin wadda ke shayar da nimra guda, wato fili mai fadan 90 (fadan kusan eka ɗaya ne), sannan Abu Sitta ta kai shi cikin hawasha. Ba famfo, gangaren ƙasa ne kawai ke tura shi. Kuɗin auduga kashi uku ake yi: 40 na manomi, 40 na gwamnati, 20 na kamfanin Turawa, har 1950 da aka mayar da aikin hannun hukumar Jazira. To a cikin wannan rabon babu kason wanda ya riƙe fartanya in ba sunansa ke kan hawashar ba. Shi yana cin abin da suka shirya ne da mai hawasha, ko lada, ko rabin dawa da gyaɗa. Wasu namu sun sami hawasha tun farko, ba a rasa ba, amma mafi yawa a kambo suka tsaya.

Tsohon da zan ambata ni ba danginmu ba ne. Gafir ne, mai tsaron ƙofar ruwa, muna ce masa Baba Gafir kawai. Na zo sabo da takardar jami'a da ma'auni, shi kuma da jaki da mabuɗin ƙofa. Ya kan dubi launin ruwa da yadda ciyawa ke kwanciya ya ce min ƙarshen tur'a ba za su ga ruwa ba sai jibi. In lissafa in ce gobe. Jibin ne. Wata uku ina gardama da shi kafin na daina.

Ɗan_Kambo
Yawwa Injiniya. Arba'in, arba'in, ashirin. A tara a gani ko akwai saura.

Bintun_Gadarif
Ku mutanen Jazira kun cika zauren da auduga kamar ku kaɗai ke noma. Mu nan ruwan sama ne, dawa da riɗi. Tun shekarun 1940 aka kawo tarakta Gadambaliya, amma har gobe riɗi da hannu ake yankansa, kuma ba ya jira. In ya nuna ka yi jinkirin kwana kaɗan sai ƙwanso ya fashe ya zube ƙasa, shekara ta tafi. Shi ya sa lokacin yanka ko jana'iza a gurguje ake yi.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi zan faɗa. Mutum ne mai tsananin riƙo, har ana ce masa Kawu Ƙulli. 'Ya'yansa ba sa shan shayi da madara sai Juma'a. Duk shekarar da aka yi albarka sai ya haƙa matmura, rami ne babba a tudu, a shimfiɗa ƙaiƙayi, a zuba dawa, a rufe da ƙasa, ta yi shekaru ba ta lalace ba. Yana da guda uku, ba wanda ya san inda ta ukun take sai shi. Da aka yi farin 1984, kafin dawar agaji ta iso, wadda mutane suka sa wa suna Regan, 'yan kasuwa suka yi ta zarya gidansa da kuɗi. Ya ƙi sayarwa. Muka ce halin nasa ne, yana jiran ta ƙara tsada. Ranar wata Juma'a bayan an sauko ya kira liman da mai unguwa ya kai su inda ta ukun take, ya ce a raba gida gida, kaila ɗaya, ma'aunin hatsi ne, ga kowane gida, har baƙin da suka zo daga yamma suka sauka a bayan gari. Bai ce bashi ba ne, bai ce sadaka ba ce. Washegari ya koma hana 'ya'yansa madara. Na rantse har ya mutu ban taɓa jin ya ɗaga zancen ba, kuma in wani ya ɗauko sai ya tashi ya bar wurin.

Uwar_Biyu_Kosti
Allahu akbar. Yaya Bintu kin sa ni hawaye. Allah ya sa ya tarar da ita a can.

Sadiku_2002
Ku yi haƙuri iyayena da yayyena, ni ƙarami ne a nan. Amma Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Yaya ya ce saura huɗu da rai. Waɗannan huɗun suna ina? Suna da maganin hawan jini? Suna da bargo? Mun iya yabon mutum in ya mutu. Ni ina ganin da a rubuta labarin matattu gara a tara wa rayayyu wani abu ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya.

Direban_Lori_Kassala
Yaron nan ya faɗi gaskiya wallahi. Ɗaya daga cikinsu tana nan Kassala, na san inda take. In an tara ni zan kai da hannuna.

Abu_Hafsa (mai kula da zaure)
Ɗaya ba ya hana ɗaya. Maganar tarawa a buɗe mata wuri daban don kada lissafi ya cakuɗe da hira, zan sa mutum biyu a kai. A nan a ci gaba da abin da aka faro. Sadiku, kai ma kana da kaka ai.

Sadiku_2002
Ina da ita, tana nan tare da mu, kullum sai ta ce in kashe waya in zo in ji labari. To na ji. Yau zan kunna rikoda in ajiye a gefenta.

Hajiya_Shara_Mansur
Salamu alaikum 'ya'yana, jikata ce ke rubuta min, ni idona ya yi rauni. Daga Makka nake. Na ji Malam yana maganar masu cewa suna kan hanya. To ni surukina yana cikin waɗanda suka iso. Ya yi shekara talatin a wani ƙauye kusa da Sinja yana cewa gobe gobe, har Allah ya nufa ya haye ta Sawakin da iyalinsa. Kun san me ya faru? Da ya sauke farali ya zauna, sai kewar gona ta kama shi. Nan duwatsu ne, ba inda za ka kafa fartanya. Sai ya tara gwangwanayen fenti a saman soro, ya cika da ƙasa, ya shuka dawa da kuɓewa da yakuwa. Ruwan alwalarsa yake tarawa a bokiti ya ba su. Dawar ta kan yi tsawo ta fitar da kai ƙarami, tsuntsaye su cinye, baɗi ya sake. In alhazan Sudan sun zo, kafin ya tambayi lafiyar dangi sai ya ce "an yi ruwa?" A can yana kewar nan, a nan yana kewar can. A Makka aka binne shi kamar yadda ya roƙa, Allah ya karɓa masa.

Malam_Na_Khalwa
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Wannan "an yi ruwa?" duk haka suke. Kuma ya tuna min da abin da nake tsoron zai ɓace kafin komai, wato lissafin taurarin damina, wanda a nan ake ce wa ina. Zira'a, Natra, Tarfa, Jabha, Khairasan, Sarfa, Iwa, Simak. Kowace kwana 13, Jabha ce kawai ke da 14. Tsofaffi ba sa cewa Yuli ko Agusta. Sai su ce Natra ta shiga, wanda bai shuka ba ya yi sauri. Tarfa kuwa ana ce mata mai kuka, don ruwanta ba ya ɗaukewa. Malamanmu na ƙasar Hausa ma suna da wannan lissafi a littattafan hisabi, sunayen ne harshe ya ɗan karkatar. A ƙauyenmu wani makaho ne ke riƙe da shi, Baba Na Masallaci. Ba ya ganin tauraro ko ɗaya, amma da carbi yake ƙirga kwanaki, kuma shi ake tambaya. Yau a cikin almajiraina ba wanda zai jero su takwas ɗin nan.

Auwalu_Zariya
Malam, a wajenmu ma sai 'yan tsiraru. Kakana na cewa Ɗarfa, ina jin ita ce Tarfa ɗin.

Masunci_Rusairis
Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Goggona sau uku tana barin gida. Na farko da aka ƙara tsawon madatsar Rusairis, wadda aka gama a 2013, ruwa ya ci gonarsu da bishiyoyin lemun da mijinta ya dasa, aka mayar da su sabon matsuguni. Na biyu a rikicin Yuli 2022, kun san abin da ya faru, ba sai na faɗa ba, muka kwana a hanya har Rabak. Na uku wannan yaƙin. Kowane tashi abin da take fara ɗauka shi ne dutsen niƙanta, ɗan ƙaramin na sama, tunda uwar ba ta ɗaukuwa. Mun yi faɗa da ita a kan nauyinsa. Tana raye, amma ta daina magana sosai. In an tambaye ta sunan garinsu sai ta ce wanne.

Abu_Hafsa (mai kula da zaure)
Allah ya ba ta lafiya. Na share saƙo biyu da suka biyo bayan wannan. Na ce ban da siyasa, kuma ban da zagin wata ƙabila. Mai son wannan ya nemi wani zauren.

Ɗan_Kambo
Ɗaya nawa ne, na karɓi laifi. Amma zan ƙara abu ɗaya kan Baba, tunda ɗazu ɗacin kawai na faɗa. Yana da murya. In ana gayya, wadda maƙwabtanmu ke ce wa nafir, shi ke gaba yana waƙa ana amsawa, Hausa da Larabci a cakuɗe, yana tsokanar duk wanda kuyyarsa ta karkace. Mutane daga kambo uku suke aiko masa. Ban riƙe ko baiti ɗaya cikakke ba. Wannan ya fi hawashar ci min rai, in na faɗi gaskiya.

Uwar_Biyu_Kosti
Tambayi matan, ɗan'uwa. Waƙa a bakin mata take zama. In kana da goggo ko yaya babba, ka fara mata farkon kawai ka ji.

Injiniyan_Rayyi
Mu koma kan ƙullin nan, Jikan_Mai_Saluka, don ni shi ke raina. Kada ku ci, kada kuma ku shuka duka lokaci ɗaya. Irin dawa in ya kwana biyu a zafi ƙarfinsa na raguwa. Ka ƙirga ƙwaya 20, ka sa a tsakanin tsumma mai laima, ka ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa. Bayan kwana biyar zuwa bakwai ka ƙirga nawa suka tsiro. Sauran ka gauraya da toka ka rufe a kwalba saboda ƙwari. In za a shuka, a nisanta shi da gonar dawa irin Tabat ko Wad Ahmad don kada ya gauraya. Wane launi ne, kuma ƙwayar babba ce?

Ɗan_Maiurno
Ina jin irin da suka taho da shi ne daga gida. Kakata ta ce da yawa sun ƙullo kaura a bakin zane.

Injiniyan_Rayyi
Zai yiwu, amma ko da haka ne, shekara ɗari tana maƙwabtaka da fatarita, dawar ƙasar nan, ai ta zama 'yar nan kamar mu.

Bintun_Gadarif
Injiniya ka bar mutane da abin da ke sanyaya musu rai mana.

Jikan_Mai_Saluka
Ku gafarce ni, tun jiya ba intanet sai yanzu. Na karanta duka, na kuma karanta wa Inna. Ta yi kuka a wurin Ta Gindin Tsamiya, ta ce ta san irinsu goma.

Na tambaye ta asalin irin. Ɗan_Maiurno, ba daga ƙasar Hausa ya zo ba, ni ma haka na so. Ta ce bayan farin 1984 an cinye iri duka a gidanmu, damina ta zo ba abin shukawa. Wani tsoho makiyayi, Balarabe, da ke sauka da garkensa a bayan ƙauyenmu duk rani, kakanmu na barinsa ya ci kara kyauta, shi ya kawo masa cikin ƙwarya ɗaya. Tun daga nan duk shekara sai ya ware mata kuyya huɗu a ƙarshen gona, ya zaɓi kawunan da suka fi kyau ya rataye a ɗakin girki inda hayaƙi ke bugu. Inna ta ce tuwonta ma ba wani daɗi gare shi ba, ja ne, yara ba sa so. Sunan makiyayin ta manta, shi kuma Baba "abokina" kawai yake cewa.

Laƙabin kuma, tunda wasu sun tambaya ta gefe: da tarakta ta zama ruwan dare kowa ya koma haya, shi ya ce waɗannan kuyya huɗun da saluka zai shuka su. Yana da shekara kusan tamanin yana takawa, ni ina binsa a baya ina jefa iri ina ƙunƙuni.

Injiniya, ja ce, ƙwayar matsakaiciya. Na sa 20 a tsumma da asubar nan.

Masunci_Rusairis
In sun tsiro a ajiye min ko cikin cokali ne. Akwai ɗan fili a bayan inda muke, zan sa Goggo ta jefa da hannunta ko za ta yi magana.

Direban_Lori_Kassala
Ranar Talata zan biyo ta Gadarif in Allah ya so. A ƙulla min na Masunci da na duk mai so, a rubuta suna a jiki. Sadiku, ina rikodar?

Sadiku_2002
Minti 47 ta yi, har yanzu ba ta bar Ubayyid ba. Ta ce sai gobe za a hau jirgin ƙasa.